STL kaɗai ba zai isa ba, ga abin da za ka haɗa da shi

Malam, ka tambaya ko hotuna da fayilolin STL (irin fayil ɗin siffar abu da ake bugawa a firintar 3D) sun wadatar in kana so 'yan'uwa su ƙera irin hannun mutum-mutumin da ka haɗa. Ba su wadatar ba. Na daɗe ina ɗauko zanen mutane ina ƙerawa, kuma a nan aka fi shan wahala.

STL fatar abu ce kawai, dubban ƙananan alwatika a jere. Ko ma'auni ba ya ɗauke da shi, shi ya sa wani lokaci za ka buɗe fayil ka ga abin ya koma ɗan mitsitsi: mai shi da inci ya zana, manhajarka ta ɗauka milimita ne. Amma babbar damuwar gyara ce. Boris mai lamba 608 faɗinsa milimita 22 ne, firintata kuwa tana ɗan matse rami, sai na ƙara 0.1 ko 0.2 kafin ya zauna. Taka ƙila ba haka take ba. In ainihin fayil ɗin manhajar zane, FreeCAD ko OpenSCAD, ke hannuna, lamba ɗaya zan canza. In STL ne, ko dai in sake zane daga farko, ko in zauna da sanfefa. Don haka ka sa ainihin fayil, ka sa STEP, fayil ɗin da yawancin manhajojin zane ke iya buɗewa, saboda masu wata manhajar, STL ya zo a ƙarshe. Abin da za a yanka da leza kuma a ba shi DXF, wato fayil ɗin shimfiɗaɗɗen zane, a rubuta kaurin allon.

Sai kayan da aka saya. Kada ka rubuta “moto NEMA 17” ka yi shiru. Sunan fuskar kawai ya tsayar, wato kusan milimita 42 da ramuka huɗu masu tazarar 31, amma tsawon jiki da ƙarfin juyi sun bambanta. Haka ƙaramin moton nan SG90: kamfanoni da yawa ke yin sa, haƙoran kansa ma ba lallai su zo ɗaya ba. Noti kuwa a faɗi kauri da tsawo da irin kai. Notin M3 mai tsawon milimita 8 da mai tsawon 12 ba ɗaya ba ne in dogon zai tokare giya.

Abin da na fi nema, wanda kusan kowa ke tsallakewa, shi ne dalili. Me ya sa ka kwantar da gwiwar hannun a kan farantin firinta maimakon ka tsayar da ita? Wanda bai sani ba zai tsayar don ta fi kyau, nauyi ya tsaga ta daidai layin bugu. Layi biyu sun isa su hana wannan. Ka faɗi roba, PLA ce ko PETG, ka faɗi wurin da ke saurin cinyewa. Ba abin kunya ba ne. Hotuna kuma a lokacin haɗawa ake ɗauka, don hoton abin da aka gama ado ne kawai, ba ya nuna notin da dole ya shiga kafin a rufe murfi.

Ka ajiye komai a GitHub, shafin intanet da ake ajiye fayilolin aiki, kuma ka zana lambar sigar a jikin kowane yanki, don wanda ya buga bara ya san wanne ke hannunsa. Ka sa lasisi, in ba haka ba mai kiyaye doka zai ji tsoron taɓawa. Lasisin CERN OHL siga ta 2 ta 2020 domin kayan ƙira aka yi shi. Ni ba na son lasisi mai hana kasuwanci, OSHWA ma, ƙungiyar masu buɗaɗɗen ƙira, ba ta lissafa shi a buɗaɗɗen ƙira.

Fara ɗora fayil ɗin kafaɗar hannun da jerin kayansa. Zan buga a firintata ba tare da na tambaye ka komai ba, duk inda na maƙale in rubuto maka ka ƙara a bayanin.