Shin 'yan jaridar Amurka na raina tarukan siyasar 'yan Latino?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina bin labaran zaɓen Amurka, kuma na lura duk sanda aka nuno 'yan Latino, wato mutanen da asalinsu ƙasashen Latin Amurka ne, sai dai ka gan su ana kiɗa, ana cin abinci, wasu a kan dawakai. Wani abokina da ke karatu a can ya ce suna kukan cewa 'yan jarida na raina tarukansu. Ni kuwa a ganina, taron siyasar da aka haɗa da abinci da kiɗa, da rabon shinkafa da taliya da muke gani a nan gida lokacin zaɓe, duk kanwar ja ce. Kukan nasu yana da tushe, ko neman magana ne kawai? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kukan yana da tushe, kuma za ka fi ganin tushen idan ka fara duba yadda ake ba da labarin tarukan sauran Amurkawa.

Siyasar Amurka ba ta taɓa rabuwa da tukunya ba. Duk mai neman shugabancin ƙasa sai ya je baje kolin jihar Iowa, ya ci soye-soye a tsaye, ya hau dandamali ya yi jawabi. Sanata Tom Harkin ya shafe shekaru masu yawa yana shirya gashin nama a wannan jihar har zuwa 2014, kuma a can Barack Obama ya je ya gwada farin jininsa a 2006. A Kentucky akwai taron gashi na Fancy Farm da wata cocin Katolika ke shiryawa tun ƙarni na 19. A South Carolina ɗan majalisa Jim Clyburn yana da suyar kifinsa, wadda 'yan takarar Dimokurat ba sa wasa da ita. Irin waɗannan tarukan manyan 'yan jaridar siyasa ake turawa. Su ƙirga jama'a, su auna tafi, su rubuta wa ya tashi wa ya faɗi. Babu wanda ke ɗaukar naman a matsayin labarin.

To su ma 'yan Latino suna da nasu, kuma ba jiya aka fara ba. A kudancin Texas akwai pachanga, walimar gashi da kiɗa inda ɗan takara ke zagayawa yana gaisawa da dangi-dangi. Akwai zaman haɗa tamale, inda mata ke taruwa suna naɗe ƙullun masara da nama a cikin ɓawon masara su turara, hira na tafiya. A 1960 ƙungiyoyin Viva Kennedy sun yi wa John Kennedy kamfe ta irin wannan hanya. A 1966, da Cesar Chavez ya jagoranci ma'aikatan gonaki suka taka daga Delano zuwa Sacramento, tutar Maryamu ta Guadalupe ce a gaba. Dalilin wannan salo a fili yake. Mutane ne da aka daɗe ana toshe musu rumfar zaɓe: sai a 1966 kotu ta soke harajin kaɗa ƙuri'a a Texas, kuma sai a 1975 doka ta tilasta samar da takardun zaɓe da Sifaniyanci a inda ake buƙata. Wanda jam'iyya ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba, kuma yake jin tsoron duk wata takarda ta hukuma, ba zai je ofishin jam'iyya ba. Amma zai je bikin 'yar ƙanwarsa. Can masu rajista suke binsa.

Bambancin da ake kuka a kai yana fara bayyana ne a wurin ɗaukar hoto. A watan Yulin 2017 'yan mata 15 suka tsaya a gaban majalisar Texas da ke Austin, sanye da manyan rigunan quinceañera, wato bikin da ake yi wa yarinya idan ta cika shekara 15. Sun fito ne don adawa da dokar SB4, wadda ta ba 'yan sanda damar tambayar mutumin da suka tsare matsayinsa na shige da fice. Hotunan sun zaga duniya. Ƙungiyar Jolt da ta shirya abin ta san rigunan ne za su jawo kyamara, kuma daga baya ta mayar da shi shiri, tana kafa teburin rajistar zaɓe a wurin bukukuwan kansu. Amma ka tambayi wanda ya ga labarin me ya tuna: rigar zai tuna, dokar kuwa da wuya. Haka mahayan Las Vegas da suka yi jerin dawakai zuwa rumfar zaɓe a 2020, da manyan malafunansu. Irin wannan labari a ƙarshen shiri ake sa shi, don mai kallo ya ɗan yi murmushi. Abin da ke damuna shi ne ba kasafai ake tsayar da mahayin a tambaye shi me yake biya na haya, ko awa nawa yake yi a wurin gini ba, alhali abin da ya fito da shi ke nan.

Wannan sakaci yana da tsada ga su kansu 'yan jaridar. A farkon 2020 kwamitin kamfen Bernie Sanders, mai neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Dimokurat, ya riƙa shirya gasar ƙwallon ƙafa da zaman cin tamale a unguwannin 'yan Latino na Nevada, har jama'a suka laƙaba masa Tío Bernie, wato Kawu Bernie. A bayan ƙwallon akwai ma'aikata masu jin Sifaniyanci da suka yi watanni suna bin gida-gida. Ranar 22 ga Fabrairu ya lashe zaɓen fid da gwani na jihar da rata mai yawa, ya kwashi kimanin rabin ƙuri'un 'yan Latino. Masu sharhin talabijin da yawa abin ya zo musu ba zato. Chris Matthews na MSNBC har ya kwatanta nasarar da faɗuwar Faransa a hannun 'yan Nazi a 1940, maganar da dole ta sa ya nemi gafara.

Abin da ya fi raini muni shi ne zargi. Daren Juma'a 4 ga Nuwamban 2016, ranar ƙarshe ta kaɗa ƙuri'a da wuri, kafin ainihin ranar zaɓe, a Nevada, aka kafa rumfa a wani kantin kayan abinci na Cardenas da ke gabashin Las Vegas, inda 'yan Latino ke cefane. Layi ya miƙe har waje, mutane sun taso daga aiki, wasu da yara a hannu. Ƙa'ida ita ce duk wanda lokacin rufewa ya same shi a layi sai ya kaɗa ƙuri'arsa, don haka ba a gama ba sai wajen ƙarfe 10 na dare. Washegari shugaban jam'iyyar Rifablikan na jihar, Michael McDonald, ya ce an bar rumfar a buɗe ne don “wani rukuni” ya samu ya yi zaɓe. Kwamitin Trump ya garzaya kotu, mai shari'a ta yi watsi da buƙatarsu. Zargin daga bakin ɗan siyasa ya fito, gaskiya ne, amma da zarar an yi ta maimaita shi a matsayin “cece-kuce”, dogon layin 'yan ƙasa masu bin doka ya koma abin tuhuma a idon mai kallo.

Haka batun tuta. Ranar 25 ga Maris 2006 kimanin mutum 500,000 suka cika titunan Los Angeles don adawa da wani ƙudirin majalisar wakilai da zai mayar da zama ba takarda babban laifi. Masu gabatar da shirye-shiryen rediyon Sifaniyanci, irin su Eddie Sotelo da ake kira Piolín, su suka yi kwanaki suna gayya, yayin da kafafen Ingilishi da dama ba su ankara ba sai da suka ga taron. Da suka ankara kuma, tutocin Meziko da wasu suka ɗaga ne suka cinye muhawara: wai ina biyayyarsu take? Har sai da masu shirya taron suka roƙi jama'a su sa fararen riguna su riƙe tutar Amurka. Duk shekara kuwa ana ɗaga tutar Ireland a faretin St. Patrick, bikin 'yan asalin Ireland, a New York da Boston, gwamnoni da magadan gari na tafe a ciki, ba wanda ke tambayar biyayyar kowa.

Yanzu ga batun shinkafa da taliya, domin tambayarka a nan tana da nauyi. Dokar tarayya a Amurka ta haramta ba mutum wani abu mai daraja a madadin ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a. Ana ɗaukar ta da gaske, har ma a 2008 da kamfanin Starbucks ya yi tallar ba da kofi kyauta ga wanda ya yi zaɓe, sai da ya sauya ya ce kowa ma ya zo ya sha. Saboda haka masu shirya taro na halal kowa suke ciyarwa, da mai ƙuri'a da marar ita, ba tare da an tambayi wa za ka zaɓa ba. Ba kuma zan ɓoye maka cewa akwai ɓata-gari ba. A gundumar Hidalgo ta kudancin Texas an gurfanar da wasu mata dillalan ƙuri'a, waɗanda ake kira politiqueras, bisa sayen ƙuri'u da kuɗi da giya da sigari a zaɓen 2012. Jaridun da suka tono wannan aikinsu suka yi. Laifin yana zuwa ne idan aka shafa wa kowace walima wannan kashin kajin, abin da ba a yi wa gashin Iowa idan an kama wani Bature da maguɗi.

Akwai kuma sukar da ba ta da alaƙa da son zuciya, domin daga bakin 'yan Latino take fitowa. A 1976 shugaba Gerald Ford ya je San Antonio ya gatsa tamale da ɓawonsa, bai san ana ɓarewa ba. A 2015 kwamitin Hillary Clinton ya wallafa cewa tana kama da kakarka ta Latino, matasa suka yi caa a intanet suna cewa ba kakarsu ba ce. A 2016 Trump ya saka hotonsa yana cin taco, wani abincin Meziko, a ofis yana cewa yana son 'yan Latino. A Yulin 2022 Jill Biden, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta kwatanta bambance-bambancen al'ummar da tacon karin kumallo na San Antonio, ƙungiyar 'yan jaridar Latino ta ƙasa ta mayar mata da martani cewa su ba abinci ba ne, Jill Biden kuma ta nemi afuwa. Ni a wurina ma'aunin shi ne wa ya dafa, wa ya gayyata. Ɗan takarar da ya ari malafa na rabin sa'a daban yake da unguwar da ta shirya taronta ta kira shi ya zo ya amsa tambayoyi. Kuskuren jaridu da yawa shi ne zuba su a kwando ɗaya, duk a kira su neman gindin zama.

Me ke jawo haka? Mafi yawa rashin sani ne da rashin 'yan gida a ɗakin labarai. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na ƙasar. Amma binciken ofishin bin diddigi na majalisar dokoki a 2021 ya gano kashi 12 ne kawai na ma'aikatan kafafen watsa labarai da nishaɗi, kuma binciken cibiyar Pew na 2022 ya samu kashi 8 a cikin 'yan jarida. Wakilin da ba ya jin Sifaniyanci, aka jefo shi unguwa na yini ɗaya, abin da idonsa ya gani zai rubuta tunda kunnensa bai kama komai ba. A Maris 2019 tashar Fox ta rubuta a ƙasan allo cewa Trump ya yanke tallafi ga “ƙasashen Meziko uku”, tana nufin Guatemala da Honduras da El Salvador. Ta nemi afuwa, amma kuskuren ya nuna yadda ake dunƙule ɗan Kyuba na Miami, da ɗan Puerto Rico wanda ɗan ƙasa ne tun 1917, da iyalan Texas da suke wurin tun kafin iyaka ta tsallake su, a mayar da su mutum ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka ɓangaren Dimokurat kaɗai abin ya shafa. 'Yan Latino masu ra'ayin riƙau sun fi kowa kuka. Ayarin motoci masu tutocin Trump a Miami da kwarin Rio Grande, tarukan coci-cocin bishara, cibiyoyin unguwa da jam'iyyar Rifablikan ta buɗe a garuruwa irin su McAllen da Laredo, azuzuwan Ingilishi da LIBRE, ƙungiyar masu ra'ayin riƙau, ke bayarwa: duk waɗannan ma siyasa ce da ta tsiro daga al'ada, kuma an daɗe ana kallon su a matsayin abin mamaki kawai. Da Mayra Flores, 'yar Rifablikan haifaffiyar Meziko, ta ci kujerar majalisa a kudancin Texas a Yunin 2022, New York Times ta yi kanun da ya kira ta da takwarorinta masu tsattsauran ra'ayi, abin da ya fusata magoya bayanta ƙwarai.

Alamun sauyi sun bayyana tun 2020, lokacin da gundumar Zapata da ke bakin iyaka ta koma wa Trump. A 2024 'yan Latino sama da miliyan 36 ne suka cancanci zaɓe, kuma a lissafin Pew kashi 48 na waɗanda suka fita Trump suka zaɓa. Gundumar Starr, inda kusan kowa ɗan Latino ne, ta zaɓi ɗan Rifablikan karon farko cikin fiye da shekara 100. Tsadar kayan masarufi, ayyukan mai da gas, 'yan uwa da ke aiki a rundunar tsaron iyaka, da wa'azin coci kan zubar da ciki, su ne maganganun da aka yi shekaru ana yi a bakin wutar gashi a waɗannan garuruwa, gaban duk wakilin da ya ga damar jawo kujera ya zauna.