Bayan Wuya Sai Me? Amsar Tambayoyinku Kan Saƙar Kalmomi

Wani malamin Hausa a wata sakandare da ke Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, ina so in riƙa shirya wa ɗalibaina wasan nan na jaridun Turanci, mai gidaje farare da baƙaƙe, wanda ake cikewa da haruffa a tsaye da kwance. Mene ne sunansa da Hausa? Na kuma gwada shirya ɗaya, amma layin ƙasa ya gagare ni."

Malam, Allah ya ƙara basira. Yawancin mutane wasa ƙwaƙwalwa suke ce masa, sai dai wannan riga ce da ta yi masa yawa, domin kacici-kacici da dara da lissafin wayo duk suna cikinta. Ni saƙar kalmomi nake kiransa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan masaƙi ya san zare ne ke miƙewa, abawa ta ratsa shi, kuma inda suka haɗu nan ne ƙarfin tufa yake. Kowane gida sai mu ce gurbi, kamar yadda 'yan dara ke faɗa. 'Yar jimlar da ke nuna maka kalmar da ake nema kuwa, manuni.

Wasan bai tsufa sosai ba. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Jaridar New York Times, wadda yanzu ta fi kowa suna a kansa, ba ta karɓe shi ba sai a 1942.

Batun layin ƙasa kuma, ba gazawarka ba ce, ginin harshen ne ya tare ka. Salon Amurka kake kwaikwayo, inda dole kowane harafi ya shiga kalma biyu, ta tsaye da ta kwance. To ka sa gero a layin ƙasa. Kana bukatar kalmar tsaye mai ƙarewa da g, da wata mai ƙarewa da r, alhali kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Masu ƙarewa da baƙi 'yan kaɗan ne: mutum, malam, kullum, biyar, takwas, talatin, sai na aro irin su tebur da fensir, sai kuma kalmomin nan masu ƙarfafa magana, fari fat, ja wur, baƙi ƙirin, kore shar. Da g kuwa, ka kwana kana nema. Layin sama ma yana da nasa ciwon kai, domin wasulansa na neman kalmomi irin su ango, ido, uwa, ungulu, kuma ba su da yawa kamar masu farawa da baƙi. Shawarata ka ɗauki salon Ingila, mai yawan baƙaƙen gurabe, inda kusan rabin haruffa ne kawai ke haɗuwa da wata kalma. A nan Hausa za ta sake ta wala.

Tunda ɗalibai za ka yi wa, ka ba kowace saƙa jigo ɗaya, kuma ban ga jigon da ya kai karin magana ba. Mun riga mun saba faɗin rabi mu bar wa mai sauraro ya ƙarasa. "Komai nisan jifa" ka ce gurbi huɗu, yaro ya rubuta ƙasa. Amma ka kula da waɗanda suka sauya riga. In ka rubuta "Abin nema ya samu" kawai, yaran yanzu ɓarawo za su kawo maka, domin "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo" suka sani. Na dattawa shi ne "matar falke ta haifi jaki." Falke shi ne mai fatauci, jam'insa fatake, mutanen da ke yin ayari su ɗora kaya a kan jakuna su nufi Gwanja sayen goro. Wanda duk arzikinsa a bayan jaki yake, in aka haifa masa jaki a ɗaka ai nema ya ƙare. Ka sa wannan a manuni, ka ga ka koyar da kalma da tarihi a gurbi biyar. Ka dai tuna wasu farke suke cewa, shi ma gurbi biyar ne.

Wata ɗaliba daga Maradi ta tambaya: "Baba malam, ts da sh gurbi ɗaya ne ko biyu? Kuma laifi ne in k ta tsaya a madadin ƙ don kalmomi su haɗu?"

'Yata, na biyun zan fara amsawa, domin ya fi damuna. Laifi ne, babba ma. Kasa maciji ce, ƙasa kuwa ita muke takawa. Bari daban, ɓari daban. Daka aikin turmi ne, ɗaka kuma cikin ɗaki. Wayoyin hannu sun riga sun sa yara suna zubar da ƙugiyar haruffa, kada wasan da ya kamata ya gyara su ya ƙara ɓata su. In ƙ ta faɗo a mahaɗa, dole kalmar tsaye da ta kwance duka su kasance masu ƙ.

Ts da sh kuwa, a ra'ayina gurbi ɗaya kowanne, domin sauti ɗaya ne muke rubutawa da alama biyu. Babu s a cikin tsamiya da za ta haɗu da s ta sarki. Ba mu kaɗai ke da wannan ba: masu harshen Holan suna sa ij a gurbi ɗaya, haka mutanen Wales ke yi da ll da dd. Tsintsiya ke nan gurbi bakwai ce, ba tara ba. Su kw da gy da ƙw na fi son a bar su biyu-biyu don saƙar ta yi sauƙi. Duk wanda kika zaɓa, ki rubuta shi a saman takarda tun kafin a fara. Haka nan ki faɗi Hausar da kika bi, domin abin da Bakano ke kira fura ke hura kike cewa, biyar ɗinsa kuma a wajen Basakkwace biyat ce.

Wasiƙar da ta fi daɗaɗa mini rai daga wani dattijo ce a Kano. Jikansa ya kawo masa saƙar da ya zana a takardar lissafi mai gida-gida. Manuni ɗaya ya ce "Bayan wuya", gurbi huɗu. Alhaji ya rubuta daɗi, yaro ya ce a'a, ƙeya ce. "Malam, ka raba mu. Ni da shi wa ya yi daidai?"

Alhaji, ranka ya daɗe, kowannenku yana da gaskiya, amma jikan nan naka ya gano wani abu da nake so duk mai sha'awar wannan wasa ya gane. Wuya biyu ne. Akwai wuya na jiki, namiji, wanda murya ke farawa sama ta sauko ƙasa. Akwai wuya ta wahala, mace, wadda murya ke farawa ƙasa ta hau sama. A baki ba mai rikita su. A takarda kuwa kamarsu ɗaya, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mu masu nazarin harshe mun daɗe muna kukan wannan gibi. Amma ga masaƙin kalmomi, gibin nan shi ne jarinsa. Yaron ya san idonka zai ga karin maganar da ka sani tun kana ƙarami, sai ya ɓoye a bayanta.

Irin waɗannan kalmomi Hausa cike take da su. "Jariri na yi, uwa na kaɗawa", gurbi huɗu: kuka. "A kwanta a kai, ko a raba bayan rasuwa": gado. "Yana da sarki, kuma ana tuƙa tuwo da shi": gari. Wanda na fi so shi ne baƙi, mai fuska uku: launin gawayi, da waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma, da abokin wasali. Wannan ba sabon hali ba ne a gare mu. Wanda ya zauna a tsakar gida da farin wata aka ce masa "Baba na ɗaka, gemu na waje", ya yi ta laluben dattijo alhali hayaƙi ake nufi, har ya gaji ya ce "na ba ka gari", ya san daɗin a ɓatar da kai sannan a nuna maka hanya.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma da shi zan yanke muku hukunci. Manuni yana iya ɓatar da mutum, amma ba ya yi masa ƙarya, kuma dole saƙar ta ba shi hanyar fita. Ka duba kalmar tsaye da ta ratsa gurbin farko. In da ƙ ta zo, misali ƙofa, to yaro ya ci ka, ka ba shi gari. In babu kalmar da ta ratsa ko ɗaya daga cikin guraben huɗu, daɗinka na nan daram, shi ne zai koma ya gyara.

Akwai ma gwanayen da ke yin amsa biyu da gangan. Ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba, 1996, New York Times ta buga saƙar Jeremiah Farrell, wadda ke tambayar babban labarin jaridar gobe. Ko Clinton ka rubuta ko Bob Dole, wato manyan 'yan takarar biyu, haruffa bakwai ne, kuma duk kalmomin tsaye bakwai da suka ratsa suna karɓar kowanne. Na farkonsu wata baƙar dabba ce, ko kyanwa ko jemage, waɗanda harafin farko kaɗai ya raba sunayensu a Turanci.

Na zauna da fensir na gwada ko Hausa za ta ɗauki irin wannan, ta kuwa ɗauka. A kwance, gurbi uku: "Ɗaya daga cikin iyaye." Uba ko uwa. A tsaye, daga gurbin tsakiya, gurbi huɗu: "Mai shayi ba ya rabuwa da ita." In uba ka sa, buta ce. In uwa ka sa, wuta ce. Ka kai wa jikanka wannan, Alhaji, ka kuma ce masa doki da jaki ma "abin hawa" ne mai gurbi huɗu, haruffa biyu na farko kaɗai suka raba su. Ya nemo mana kalmomin tsaye biyu da za su ratsa su.