Tambaya da Amsa: Wane ɗan kwangila zan ba aikin zuba kwalta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da wata ma'ajiyar kaya, kuma mun yanke shawarar zuba kwalta a harabarta mai faɗin murabba'in mita 500, domin motoci na kafewa a laka duk lokacin da aka yi ruwan sama. 'Yan kwangila uku sun kawo kiyasinsu. Biyu farashinsu ya yi kusa da juna, na ukun kuwa ya yi ƙasa da su da kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu wurin sun karkata ga mai rahusar, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan tantance?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka dubi jimillar kuɗin da ke ƙasan kowace takarda, sai ka fara tabbatar da cewa aiki ɗaya mutanen nan uku suka yi wa kuɗi, domin sau da yawa ba haka ba ne, ko da kuwa fili ɗaya suka auna.

Ka fara da kauri. Idan takarda ta ce santimita 5, ka tambaya ko kafin rola ta bi ta kai ake nufi ko bayan an daɓe, domin kwaltar da aka shimfiɗa takan rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinta idan aka danne ta. Lissafin ba shi da wuya. Kwaltar da aka daɓe, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, tana da nauyin kimanin tan 2.4, saboda haka filinka zai ci wajen tan 60 idan kaurin santimita 5 ne bayan daɓe, amma idan santimita 4 ya rage, tan 48 kawai aka zuba. Tan 12 ɗin nan ido ba zai gane rashinsu ba ranar da aka gama aiki. Don haka ka nemi kowa ya rubuta adadin tan ɗin da zai kawo, kuma a nuna maka takardar sikelin kowace tifa.

Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne abin da ke ƙarƙashi, kuma a nan nake kyautata zaton rahusar ta ɓuya. Kwalta ba ta ɗaukar nauyi ita kaɗai. Niƙaƙƙen dutsen da aka shimfiɗa aka daɓe a ƙarƙashinta, da ƙasar da ke ƙarƙashin dutsen, su ne suke riƙe da mota. Tunda ka ce wurin yana yin laka, dole ne a kwashe ƙasar mai taushi, a fitar da ita daga harabar, a daɓe abin da ya rage, sannan a zuba dutse. Wurin ajiye ƙananan motoci yakan wadatu da dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 15, amma ma'ajiyar da manyan motoci ke shiga da lodi tana bukatar fiye da haka, ita kanta kwaltar ma gara a yi ta hawa biyu. Takardar da ta ce “gyaran ƙasa” kurum, ba zurfin haƙa, ba kaurin dutse, ba ta faɗi komai ba.

Sai maganar ruwa, wanda shi ne ke kashe kwalta da wuri idan ya kwanta a kanta ko ya shiga ƙarƙashinta. Ana son gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita, kuma kiyasi nagari zai faɗi inda ruwan zai bi da ko kuɗin magudana yana ciki. Ka tambayi kuma nisan masana'antar da za a ɗauko kwaltar, domin da zafin kusan digiri 150 a ma'aunin Salshiyas take fitowa, kuma idan ta huce a hanya ba ta daɓuwa yadda ya kamata.

Sauran sharuɗɗan ba su da sarƙaƙiya: tsawon garanti da abin da ya ƙunsa, inshorar ma'aikata, ranar farawa da ta gamawa, da wa'adin da farashin zai tsaya, tunda kuɗin kwalta yana bin na ɗanyen mai. Kada kafin alƙalami ya yi yawa, kuma a riƙe kaso na ƙarshe har sai an auna kauri an kuma watsa ruwa an ga inda ya nufa.

Shawarata ita ce ka sa injiniya mai zaman kansa ya rubuta bayanin aikin a shafi guda, ka ba su ukun su sake yin kiyasi a kansa. Mai yiwuwa na ukun ya ci gaba da zama mai rahusa saboda injinan nasa ne ko masana'anta na kusa da shi, kuma idan haka ne babu laifi a ba shi, bayan ka je ka ga wani aikin da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, ba na watan jiya ba.