Odar jirgi layi ce aka kama

Jiya bayan La'asar, muna rufe lissafin tikitin Umara, ka tambaye ni: "Maigida, kullum sai mu ji a rediyo kamfani kaza ya sayi jirage 50, wani ya sayi 100. To ina jiragen? Me ya sa har yau fasinjanmu na Birnin Kebbi ke rasa kujera zuwa Abuja?" Na ce ka bari sai mutane sun ragu. To saurara, ɗana.

Abin da ɗan jarida ke kira saye, mu da muka daɗe a sana'ar nan mun san layi ne aka kama. Kamfani biyu ne suka riƙe kasuwar manyan jiragen fasinja, Boeing a Amurka da Airbus a Turai, sai Embraer na Birazil mai ƙera matsakaita. Kowanne aikin shekaru ke jibge a gabansa. Wanda ya sa hannu yau kafin alƙalami yake bayarwa, ya riƙa ƙarawa yayin da ranarsa ke matsowa, babban kuɗin kuwa sai ran da aka damƙa masa jirgin. IndiGo na Indiya ya yi odar jirage 500 wurin Airbus a 2023, amma karɓa sai daga 2030. Ka ga wanda ke jiran kujerar gobe bai da rabo a wannan labari.

Ita odar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai tabbatacciya, wadda kuɗi ya shiga. Akwai wadda aka ajiye maka gurbi, in ka so ka ɗauka, in ba ka so ba shi ke nan. Akwai kuma takardar niyya kawai, wadda ake sa wa hannu gaban 'yan hoto. A Disambar 2018 Green Africa na Legas ya sanar da yarjejeniyar Boeing 737 MAX har 100, rabi na gurbi ne. A Fabrairun 2020 sai ga shi da wata takardar da Airbus kan A220 guda 50. Da ya fara tashi a 2021, da ƙananan jiragen ATR masu farfela ya fara, na haya. Ba zagi nake ba, haka kasuwar take.

Batun fasawa kuma, yawanci dalili ne ke tasowa tsakanin sa hannu da karɓa. Air Peace ya yi odar MAX guda 10 a Satumbar 2018. Wata ɗaya bayan nan irin jirgin ya faɗi a Indonesiya, a Maris 2019 wani ya faɗi a Habasha, rai 346 duka, Allah ya jiƙan Musulmin ciki. Duniya ta dakatar da shi, Amurka ba ta sake shi ba sai Nuwambar 2020, ga korona ta kulle filayen jirgi. A irin wannan yarjejeniya, in mai ƙira ya yi jinkirin da ya wuce shekara, mai oda na da ƙofar fita. Kamfanonin da ke ba da hayar jirage suka bi ta nan: a Afrilun 2020 Avolon ya soke odar MAX 75, GECAS ya soke 69. Shi kuwa Air Peace, Embraer ɗin da ya yi oda a 2019 ne suka fara sauka a Janairun 2021. Wani lokacin ma mai ƙirar ne ke fasawa. Da rigimar fentin A350 ta kai Qatar Airways da Airbus kotu a Landan, Airbus ya soke masa odar A321neo 50 a 2022, sai da suka shirya a 2023 aka maido.

Waɗannan masu haya, ka riƙe su da kyau, don su ne asirin tambayarka. Ka san yadda mai hali ke sayen tarakta ya ba manoman fadamar Argungu haya? Haka suke, sai dai su kusan rabin jiragen fasinjan duniya nasu ne, manyansu kuma a Dublin ta ƙasar Ayalan suke zaune. Ɗaya daga cikin manyan nan, AerCap, ya haɗiye GECAS a 2021. Su ke kama layi da yawa tun da wuri, daga baya su zaɓi wanda za su ba. Hayarsu da dala ake biya, mu kuwa da naira muke yanka tikiti. Sun kuma daɗe suna ɗari-ɗari da Najeriya, tsoron kada a kasa biya, kotu kuma ta hana su ɗauke kayansu. Shi ya sa a Satumbar 2024 gwamnati ta sa hannu kan ƙa'idar kotu ta aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ke ba mai jirgi damar karɓe abinsa in an kasa biyan haya. Mai kaya dai sai ya tabbata zai iya karɓar abinsa kafin ya ba da aro.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Wata shekara na ji wani kamfani zai kawo sabbin jirage, na bugi ƙirji na karɓi kuɗin wasu 'yan kasuwar Jega na tafiyar watan azumi. Jirgi bai zo ba. Da motata na biya, mahaifiyar yaran nan ta yi wata ba ta daina yi mini gori ba.

In jigilar alhazai ta zo, ka bi ni filin jirgin Birnin Kebbi da ke Ambursa. Kada ka tsaya kallon sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ka dubi 'yar lambar da ke kusa da wutsiya. In ta fara da 5N, rajistar Najeriya ce. HZ ta Saudiyya ce, 9H ta Malta, LY ta Lituweniya. In ka ga farin jirgi fes ba ado, da baƙuwar lamba, matuƙa da ma'aikata duk baƙi, to hayar 'yan makonni ce, da an kwaso alhazai zai koma inda ya fito. Ko mai 5N ɗin ma ba lallai na kamfanin ba ne, wani na haya ne aka yi masa rajista a nan. Ka zo da littafinka ka rubuta lambobin, mu dawo shago in nuna maka yadda ake bin sawunsu a intanet.