Yini ɗaya a Alkahira zai isa, in ka tsara shi

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka ka ga dalar Giza, gidan tarihi, Masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili. Zai isa, matuƙar ka fara da Giza da sassafe, ka bar Azhar da kasuwar sai bayan la'asar. Gidan tarihi kuwa ka zaɓi babban sabon nan da ke kusa da dalar, ka fake a cikinsa lokacin da rana ta take.

Abin da ke cinye yinin baƙo a garin nan cunkoson motoci ne, don haka ka tsallaka Kogin Nilu zuwa tsohon gari, inda Azhar da kasuwar suke, sau ɗaya tak. Da na je, hantsi na ɗagawa filin Giza ya zama ba wurin fakewa, yashi na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, masu raƙuma na bin mutum da ciniki. Shiga cikin dalar Khufu kuma, wato mafi girma a cikin dalolin Giza, sai an sunkuya a wata ƙuntatacciyar hanya mai zafi. In kana fama da ciwon gwiwa ka haƙura, ganinta daga waje ma ya wadatar. Azhar, wanda aka fara gininsa a shekarar 970, titi ne kawai ya raba shi da kasuwar. Ka yi magariba a can, ka tsallako a ƙafa, lokacin an kunna fitilu, kasuwa ta cika maƙil.