Ku Tambaya Mu Amsa: Daɓen wajen wanke-wanke ya tsaya a rabi

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga Pantami nake a Gombe. Na fara yi wa maiɗakina daɓen siminti a wajen wanke-wanke da kaina, a YouTube na koya, ina saka hoto a guruf ɗinmu na WhatsApp ƴan uwa suna ta sa albarka suna cewa in ci gaba, to amma na yi rabi ƙarfina ya ƙare, kuma wanda na zuba ɗin har ya fara tsagewa. Maƙwabcina birkila ne amma wallahi kunya nake ji kar yace aikin banza nake so. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da ƙoƙari. Ƴan guruf sun kyauta, addu'arsu ce ta kai ka rabi, amma kankare aikin hannu da yawa ne, domin in an kwaɓa ba ya jira, wani na kwaɓi wani na ɗauka a kwanon sarki wani na baza shi, in ka zuba yau ka dawo bayan sati to wajen haɗin nan ne ruwa zai riƙa shiga. Tsagewar kuma yawanci ƙarancin ban ruwa ne ko ruwa ya yi yawa a kwaɓi, balle da iskar hunturu mai busar da komai nan da nan.

Ka je wajen maƙwabcin nan bayan sallar isha'i, kace yaya na fara abu ya fi ƙarfina, zo ka duba min. Ka yi masa maganar ɗan hasafi tun farko, sana'arsa ce, in ya yafe shikenan. Ranar Asabar ka kira matasan layi biyu ko uku a yi gayya, a dama kunu ko fura.

Kwaɓin: kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun Ashaka mai kilo 50 kusan kwano 2 ne. Ka duba ragowar simintinka, in ya dunƙule kar a yi amfani da shi. Wajen haɗin a sassare bakin tsohon a jiƙa shi kafin a zuba sabo, sannan a ba daɓen gangara zuwa kwata, kar ruwan ya kwanta a gindin katangar maƙwabci, wannan kam yana haɗa faɗa sosai. Bayan an gama ka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ban ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma a hana yara takawa.