Amsa ga ƙaninmu mai neman aikin kai saƙo da keke

Wallahi ƙanina, da na karanta tambayarka sai na ga kaina. Kana so ka san wanne ya fi, kamfanin manhaja mai biya a kan kowane saƙo, ko ogan da zai ba ka kekensa da albashin wata. Na biyun nan na ɗanɗana shi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Da aka hana okada, wato acaɓa, a Ikeja da Surulere da sauransu a Legas a Yunin 2022, babur ɗina na sayar, na shiga wurin wani oga mai bakin zuma. Ban tambaye shi komai ba sai nawa ne albashi. Wata rana da damina na ɗauko abinci daga Yaba, ina isa ƙarƙashin gadar Ojuelegba wani danfo, bas ɗin hayar nan ta Legas, ya goge ni. Na faɗi, gwiwa ta fashe, rim ya lanƙwashe, miya ta malale cikin jaka. Na kira ogan hannuna na rawa. Ka san me ya fara cewa? "Abincin fa?" Ko sannu babu. Wani mai shayi ɗan'uwanmu ne ya ɗaga ni ya kai ni kemis da kuɗinsa, Allah ya saka masa da Aljanna. Ƙarshen wata ogan ya cire kuɗin abinci, ya cire na rim, ya cire kwanakin da na yi a kwance. Da na yi magana sai ya kira garantona, kawuna mai sayar da albasa a Mile 12, dattijo mai furfura, yana yi masa tsawa kamar yaronsa. Wannan ya fi faɗuwar yi mini ciwo. Ban yafe ba.

Don haka kafin ka sa hannu a komai, ka tambaya: in kaya ya lalace wa zai biya? Faci da sarƙa da birki a aljihun wa? Ya rubuta maka amsar, ko a WhatsApp ne. Kuma kada ka bar ainihin takardunka wurin kowa, kwafi ya isa.

Ni yanzu kekena nawa ne, na gwanjo, da manhaja nake aiki, kuma hankalina ya fi kwanciya. Amma su ma kada ka tara kuɗi a wurinsu. A Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food, manhajojin kai abinci, duk suka rufe a Najeriya, yara suka wayi gari ba oda.

Ka je ƙofar gidajen abinci inda masu keke ke jira, ka saya musu ruwan leda ku yi hira, su ne za su faɗa maka wanda ke riƙe kuɗin mutane. Ka tambayi iyakar zangonka, wanda zai tura ka daga Agege har can tsibirin Legas (Island) da keke bai san darajar ƙafarka ba. Maganar Juma'a ma ka yi ta tun ranar farko. Ga azumi, rana ta Legas ba ta da tausayi, ni nakan ɗauki aikin dare ne lokacin.

In kana kusa da Idi-Araba ka neme ni bayan Magariba, in duba maka keken kafin ka biya.